Wa Zai Riƙe Mini Linzami

Na fara hawan doki ne a shekarun da sa'o'ina suke fara neman sandar dogarawa. Ba gadonmu ba ne. Mahaifina jaki ya mallaka, shi ma ba a barinmu mu hau sai in za a kai shi rafi. Aikina na safiyo ne. Na ƙare ƙuruciyata ina auna filayen mutane ina kafa musu duwatsun iyaka, har na yi ritaya na zauna a nawa filin a Nassarawa GRA, cikin katangar da ni da bakina na ce a ƙara mata tsawo.

Bayan rasuwar matata gidan ya yi mini girma. Wanda bai zauna a unguwar nan ba ba zai gane irin shirunta ba. A Tudun Murtala ko Gawuna, in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu ta kan katanga. Nan kuwa sai ka daɗe ba ka san ko mutumin da ke gefenka yana gari ba, sai ka ji janaretansa ya tashi ka ce to, ashe da ransa. Likita ya ce in riƙa tattaki da safe saboda hawan jini. Na riƙa bin gindin katangu ina gaisawa da masu gadi, don su kaɗai ne mutanen da ake gani a waje. A wurin tattakin nan na fara cin karo da wasu dattawa da ke fitowa kilisa a kan dawakai. Sukan wuce ta ƙarƙashin itatuwan maɗaci suna hira da ƙarfi, suna tsokanar juna, suna dariya. Gaskiya ba dawakan ne suka fara ba ni sha'awa ba. Hayaniyar ce.

Haka na wayi gari da doki a gidana. Kili ne, tsohon dokin ƙwallon dawaki da ya gaji da wasa aka yi masa ritaya kamar ni. Maigadina mutumin ƙasar Jigawa ne, cikin dabbobi ya tashi, shi ya kafa turke a ƙarƙashin mangwaro, daidai inda matata take ajiye kujerarta da yamma. Shi ya koya mini ɗaura sirdi da jan majayi, da yadda ake zama kada mutum ya yi kama da buhun gero. Hawa na koya da ƙyar, amma dai na koya. Sauka ce ta gagare ni. Gwiwata ta hagu ta daɗe da yin yaji, don haka in zan sauka dole wani ya riƙe linzami, kili ya tsaya cak, sannan in juyo da ƙafa a hankali. In ba mai riƙewa, da ya ji na ɗaga ƙafa sai ya ci gaba da tafiyarsa. Na taɓa gwada sauka ni kaɗai, na tsinci kaina zaune a cikin furanni.

'Yata da ke aure a Abuja ta yi ta faɗa a waya da ta ji labarin dokin. Ta ce in ina son motsa jiki akwai keken da ake tuƙawa a ɗaki ba ya zuwa ko'ina. Na ce mata ai rashin zuwa ko'ina shi ne ciwon nawa. Daga ranar na daina ba ta labarin kili.

Sai ɗana na fari, wanda ba zan rubuta sunansa a nan ba, domin ban taɓa kiransa da bakina ba. A garinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya jan shi a jiki a gaban mutane. Kunya ake ce mata. Ni ma ɗan fari ne, kuma har mahaifina ya koma ga Allah "kai" yake ce mini, in yana magana da wani kuwa "wancan". Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, na san wanda yake ajiye mini tsoka a ƙasan kwano. Yaran yanzu in ka ba su wannan labari sai su riƙe baki kamar ka ce ka yi kisan kai. Ni dai haka na taso, haka kuma na yi.

Matata kuwa 'yar birni ce, malamar makaranta, ko a jikinta. Daga kicin take ƙwala masa kira har a ji a titi. Ita ce hanyar da ke tsakanina da shi. In ina son ya yi abu sai in ce, "Ki faɗa wa yaron nan ya duba famfon baya," ta juya ta faɗa masa, alhali yana zaune a falon yana jinmu. Shi ma haka: "Mama, ki tambayi Baba ko yana buƙatar mota gobe." Takan yi dariya ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ake neman tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushe ba sai a gidan nan.

Da tafintar ta rasu, sai muka rasa ta inda za mu kama. Injiniya ne, yana da iyalinsa a wancan gefen gari, kuma duk Juma'a bayan la'asar yana zuwa, bai taɓa fashi ba. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Baba, ina wuni." In amsa ina kallon talabijin. Ya tambayi jiki, in ce da sauƙi. In tambayi mutanen gida, ya ce suna gaishe ni. Shi ke nan, magana ta ƙare. Mu zauna muna sauraron fanka har ya ga ya yi abin da ya kamata, ya ce zai koma. Duk mako ina jiran Juma'ar nan kamar ranar salla, in ta zo kuma in rasa abin da zan yi da ita.

Zuwan kili ya ɗan kawo mana sauƙi, don mun sami sabon tafinta. In yaron nan ya zo yakan same ni a gindin mangwaro, sai in riƙa yi wa dokin magana. "Kai kili, an ce hanyar Zariya ta lalace, mai bin ta ya riƙa tafiya da rana." Shi kuma ya shafa wuyan dokin daga nesa-nesa, don tsoronsa yake ji, ya ce, "In sha Allahu za a kiyaye." A haka, yana kallon kofaton kili, ya faɗa mini wata Juma'a cewa ya sami aiki a ƙasar waje, zai tafi da iyalinsa ƙarshen damina. Na ce wa dokin Allah ya sa alheri ne. Dokin ya ci gaba da cin harawarsa. Ni kuwa ranar ban iya cin tuwo ba.

A daidai wannan lokaci ne dattawan kilisa suka fara maganar sukuwarsu. Duk ƙarshen damina sukan ari filin sukuwa na yamma ɗaya su yi tsere a tsakaninsu. Jagoransu wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mai tumbi da murya, wanda tun ranar da ya ji aikina bai ƙara kirana da komai ba sai Safiyo. Shi ya tare ni da dokinsa ja wata safiya.

"Safiyo, bana fa da kai za a yi. Ka auna filin duniya, saura ka auna wannan da gindinka."

Na ce ni ban taɓa sukuwa da wani a gefena ba.

"Mu ɗin uban wa ya haife mu a kan sirdi? Sharaɗi biyu ne kawai. Mai doki shi zai hau abinsa, ba a ɗauko mana yaro mara nauyi. Sannan kowa ya zo da mai tarbarsa. In ka ƙetare layi, naka zai rugo ya kama linzami ya sauke ka. Ba ɗan barga ba fa, na gida. Ɗa, ko ƙane, in ka rasa ka kawo suruki, dama me yake yi maka?"

Suka tuntsire da dariya. Ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. Sun ce asalin abin larura ce, tsofaffi ne da dawakai masu zafi, dole a sami mai tarewa. Amma a hankali tarbar ta fi tseren muhimmanci. Ba wanda yake tuna wa ya zo na ɗaya bara, amma kowa yana tuna wanda 'ya'yansa maza suka rugo gaba ɗaya har suka kusa kayar da dokin. Na koma gida ina lissafin abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba kofi nake so ba, na san kili da ni ba mu da wannan rabon. So nake kafin yaron nan ya bar ƙasa, sau ɗaya dai, ya rugo wurina a gaban mutane ya riƙe mini doki. Ga dalili ya samu wanda ba ni na ƙirƙira ba, sharaɗi ne na wasa, ba wanda zai ce na zubar da kunya.

Na shiga shiri kamar mai hankali. Maigadi yana tsayawa a bakin wani fili da ba a gine ba a bayan layinmu, ni kuma ina sakin kili yana gudu da ni, ina addu'o'in da na daɗe ban karanta ba. Cinyoyina suka yi tsami, bayana ya riƙe, na riƙa sallah a zaune. Na sayi hular kwano da ta sa na yi kama da ɗan acaɓa. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda zan faɗa.

Juma'ar da ta rage gobe tsere, ya zo ya same ni ina taje gezar kili. Muka gaisa yadda muka saba. Na yi ta taje wuri ɗaya har dokin ya fara kaɗa kai. Can na yi ta maza na ce, "Kai kili, gobe ce fa ranarmu. Bayan la'asar, a filin sukuwa. An ce a can kowa da mai riƙe masa linzami."

Yaron nan ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Baba. Allah ya tsare."

A wurina magana ta ƙare. A garinmu in uba ya faɗi haka a gaban ɗansa na fari, daidai yake da ya aika masa da maroƙi. Na ji kunyar kaina ma, na ga kamar na zaƙe. Da ya tafi na shiga falo ina jin daɗi kamar wanda ya sauke kaya.

Washegari maigadi ya wanke kili tas, ya ɗaura sirdi, sannan ya shiga ɗakinsa ya fito da rigarsa ta Juma'a.

"Alhaji, in kulle ƙofa in biyo ka ko? Don saukar nan."

Na ce a'a, ya zauna ya tsare gida, akwai mai riƙewa. Ya dube ni, ya ce to, Allah ya dawo da ku lafiya. Ya koma ya cire rigar.

Filin bai da nisa da gidana, a kan dokin na tafi. Na daɗe ina wucewa ta wurin a mota, amma ban taɓa sanin girmansa ba sai da na tsaya a tsakiyarsa a kan dabba. Ciyawa ta yi kore shar, ƙasa tana da sauran danshi. Motoci sun jeru a ƙarƙashin itatuwa, iyalai sun shimfiɗa tabarmi, mata da kuloli da lemo, jikoki suna guje-guje. 'Ya'yan Alhaji mai jan doki har anko suka yi, huluna iri ɗaya, sun tsaya a bakin igiya kamar masu jiran amarya. Wani ya ɗaura mini ƙyalle mai lamba a ƙirji. Ya tambaye ni ina mai tarbata don ya nuna masa wurin tsayawa, na ce yana hanya.

Na zaga gefen igiyar a hankali kamar mai ɗumama doki, alhali fuskoki nake dubawa. Ban gan shi ba. Na ce a raina ai Kano ce, cunkoso ne, yanzu zai iso.

Aka kira mu layi. Nan na gane cewa duk abin da na koya a filin bayan gida wasan yara ne. Kili, wanda na sani da sanyin hali kamar tsohon alƙali, da ya ji dawakai a gefensa sai ya zama wani daban. Kunnuwansa suka miƙe, jikinsa ya riƙa rawa a ƙarƙashina, yana taunar linzami yana jan hannuna. Ashe shi ya san inda muke, ni ne baƙo. Gwiwar wani ta bugi tawa, dokin wani ya yi haniniya a kunnena. Alhaji ya leƙo ya ce, "Safiyo, in ka faɗi ka faɗi ta dama, ta hagu ni ne a wurin." Mai tuta ya ɗaga hannu, ya sauke.

Ba zan ce na fara tseren ba, tseren ne ya fara da ni. Kili ya yi wata irin zabura da ta kusa barina a baya. Iska ta cika mini baki, laka daga kofatan na gaba tana dukan fuskata, ƙarar ƙafafu ta toshe mini kunne. Duk abin da aka ce in tuna, ka durƙusa, ka matse gwiwa, ka saki hannu, ya gudu daga kaina. Geza kawai na damƙe ina kiran sunan Allah. Sai kuma, bayan ɗan lokaci, wani abu ya faru da ban zata ba. Jikina ya daina faɗa da na dokin. Muka zama muna tashi tare muna sauka tare. Na ji wani daɗi ya taso mini daga ciki wanda rabona da irinsa tun ina yaro muna tseren zuwa rafi. Na ji muryar wani tana ihu, ashe tawa ce. Har na wuce mutum biyu, ni ɗin nan.

A kwanar ƙarshe likkafar hagu ta kuɓuce daga ƙafata. Na karkace, na ga ƙasa tana tahowa, na rungume wuyan kili kamar mai kokawa. Allah ya taimake ni na dawo kan sirdi, amma Alhaji da dokinsa ja, waɗanda na kusa kamawa, suka yi gaba. Da muka miƙe zuwa layi, maimakon in dubi gabana, sai na juya ina duban bakin igiya. Kili ya ji na sake shi, ya rage gudu, waɗanda na wuce suka sake wuce ni. A haka muka ƙetare, ina waige-waige. Ban zo na ƙarshe ba, domin wani bawan Allah ya faɗi tun a kwanar farko, dokinsa ya iso ba shi. In ba a lissafa dokin nan ba, mutum ɗaya na bari a baya.

Sai aka sauke igiya. Na ga abin da ake ba ni labari. Samari da magidanta suka kwararo cikin fili da gudu, kowa yana neman nasa. "Baba! Baba!" ta ko'ina. Masu anko suka yi wa Alhaji rumfa, ɗaya ya kama linzami, ɗaya likkafa, sauran suka sauke shi kamar ana sauke tulu. Wanda ya faɗi ma 'ya'yansa sun je sun ɗauko shi suna kakkaɓe masa riga, yana ta dariya. Ni kuwa ina tsakiya a kan kili, yana huci yana juyi, kumfa tana zuba daga bakinsa. Mutane suna ratsawa ta gefena dama da hagu.

Wani saurayi cikin masu anko ya lura da ni, ya matso ya miƙa hannu.

"Baba, kawo in riƙe maka."

Da ina da wayo da na ba shi. Amma na ga in ya sauke ni yaron nan ya iso ya tarar an riga an yi, shi ke nan. Na ce, "A'a, na gode, nawa yana zuwa." Ya ce to, ya koma wurin ubansa.

Na ja kili gefe muka tsaya. Aka ba wanda ya ci kofi, aka yi tafi, aka yi hotuna. Aka buɗe kuloli. Alhaji ya ɗaga mini cinyar kaza daga nesa yana cewa in sauko mana, ko sirdin ya manne ne. Na ɗaga masa hannu na yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Duk motar da ta shigo sai in zuba mata ido, in ta matso in ga ba ta yaron nan ba ce. A hankali aka fara naɗe tabarmi. Gwiwata tana zugi, ƙishirwa ta dame ni, ga ruwa ina gani a hannun mutane amma ba halin sauka. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yamma ba, ko ranar da aka watse daga zaman makokin matata. A gida in mutum ya kaɗaita ba mai ganinsa. Nan kuwa a saman doki nake, na fi kowa tsawo a filin.

Da na ga rana ta yi ja, na juya kan kili muka kama hanyar gida. Ban sauka a filin sukuwa ba. Har yau in ana hirar tseren ana cewa Safiyo ne kaɗai ya zo a kan doki ya koma a kan doki, ƙafarsa ba ta taɓa filin ba. Na manta da ƙyallen lamba a ƙirjina, sai da wani mai a-daidaita-sahu ya leƙo ya ce, "Alhaji, a ƙara wuta, kai ne a gaba!" Daga nan muka shiga layukanmu, katanga dama katanga hagu, ba motsin kowa sai ƙarar kofato a kan kwalta. Maigadi ya buɗe ƙofa, ya dubi bayana ya ga ba mota, ya kama linzami. Bai tambaye ni komai ba, na kuwa gode masa a raina.

Makon nan na yi shi da fushi. Na ce wato har na zubar da girmana na roƙa, aka watsa mini ƙasa a ido. Na ce dama yaran boko haka suke, ya riga ya tafi tun kafin ya tafi. Juma'ar da ta biyo ita ce ta ƙarshe kafin tafiyarsu, don haka da la'asar ta yi, lokacin da na san zai zo, sai na sa aka ɗaura sirdi na fita kilisa. Na ce shi ma ya ɗanɗana jira. Na zaga unguwa ba gaira ba dalili har fushin ya fara gajiya, sannan na dawo.

Na tarar da motarsa a ƙofar gida, shi kuma yana tsaye a jikinta cikin farar shadda. Maigadi ya tafi sayo harawa. Yaron nan ya tura ƙofa da kansa na shiga, ya biyo ni har gindin mangwaro. Ya durƙusa ya gaishe ni ina sama. Na amsa ina kallon ganye. Ga ni a kan doki ba halin sauka, ga shi a ƙasa, ba na ukunmu sai kili.

Ya miƙe ya ɗan matso, ya dubi dokin ya ce, "Ka yi ƙoƙari ranar Asabar. Da likkafar hagu ba ta kuɓuce a kwana ba, da ka kama jan dokin nan."

Ban faɗa wa kowa maganar likkafa ba, ko maigadi. Na sunkuyo na dube shi, shi ɗin kansa, ba dokin ba.

"Kana wurin?"

"Ina wurin, Baba. Tun kafin a ɗaura maka lamba. Ina bayan maɗacin da ke can ƙarshen motoci."

"To me ya hana ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Da aka sauke igiya na taho. Har na shigo fili. Sai na ga jama'a, ga abokanka duk suna kallo. Na ce ba za ka so in zo in taɓa ka a gaban mutane ba. Na zaci maigadi kake jira. Na biyo ka a mota daga nesa har ka shiga gida."

Duk tsawon yammar nan da nake zaune a sama ina duban ƙofar shigowa, yana bayana yana kallona, yana yi mini ladabi. Tarbiyya ce, kuma ta kama shi sosai, ba inda ya kuskure. Na ji fushin da na yi mako ina kiwo ya rasa wanda zai kama.

Na ce, "Riƙe mini."

Bai taɓa riƙe doki ba. Ya damƙi linzamin da hannu biyu a kusa da baki, ya matse kamar mai riƙe ɓarawo. Kili ya ji haushi ya goga masa koren yawu a gaban farar shaddar. Bai saki ba. Na zare ƙafa, na juyo da ita, na rasa abin dafawa sai kafaɗarsa. Na dafa. Ashe kafaɗar tana da faɗi haka. Daga sama na hango furfura a gefen hularsa, ban san yaushe ta fito ba. Gwiwata ba ta yi mini ciwo sosai a ranar ba, amma na daɗe kafin in kai ƙasa, shi ma bai gaggauta ni ba. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na ɗauke hannuna, ya miƙo mini linzamin da hannu biyu. Muka shiga falo muka zauna muka saurari fanka, har ya ce zai koma.

Sun tafi cikin makon. Yana bugo waya duk Juma'a bayan la'asar, ya ce Baba ina wuni, ya tambayi jiki, ya tambayi kili. Ta waya ba a iya yin shiru mai tsawo, don haka gaisuwar ba ta daɗewa.

Har yanzu ina fita kilisa da dattawa, sun ce bana ma da ni za a yi, Alhaji har ya ce zai ara mini ɗa ɗaya cikin masu anko. In na dawo gida maigadi ne yake tarbata. Yana riƙe linzami daidai yadda ake riƙe shi, da hannu ɗaya, a sake, kili ya tsaya cak ba gardama. In sauko lafiya lau, in ce masa sannu. Amma duk lokacin da na juyo da ƙafar nan, sai hannuna ya miƙe yana neman kafaɗar wanda bai iya riƙewa ba.